Yadda Ake Kallon Tsutsar Masara Tana Saɓa

Tsutsar da ke cin tsakiyar masara a gonakin Samaru, Shika da Giwa na jihar Kaduna 'yar faɗa-wuta ce, daga nahiyar Amurka ta zo, kuma a 2016 aka fara ganinta a Najeriya. Ana gane babbarta da farin zane mai kama da harafin Y a kife a goshi, da ɗigo huɗu baƙaƙe a murabba'i kusa da wutsiya.

Wanda ke son ya san ta sosai, ya kiwata ta a kwalba. Nemi kwalba mai faɗin baki, ka shimfiɗa takarda a ƙasa, ka rufe da yankin gidan sauro. Tsutsa ɗaya a kwalba ɗaya, domin idan sun tasa cin junansu suke yi. Ɗanyen ganyen masara kullum da safe, wanda ba a yi wa feshi ba, a kuma zubar da kashin. In aka bar shi da damshin Agusta, fumfuna zai kama, tsutsar ta yi baƙi ta mutu. A ɗora kwalbar cikin faranti mai ruwa saboda kiyashi.

Fatarta ba ta girma tare da ita, shi ya sa take saɓa kamar maciji. Sau biyar take yi, a matakai shida, cikin kamar kwana 14 in da ɗumi. Idan lokacin ya yi sai ta daina ci, ta lafe, wuyanta ya kumbura har kan ya zama kamar ƙaramar hula. Mutane da yawa a nan suke zaton ta mutu, su tsokane ta da tsinke. Kada a taɓa ta! Ƙoƙon kan ne zai faɗi daban, ta zame daga tsohuwar fata, sabon kan ya fito fari fat kafin ya yi duhu. Sau da yawa takan juya ta cinye fatar, amma ƙoƙon kan yana nan a takarda, ƙanƙani kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Shi ake ƙirgawa a san matakinta, don tsawon jiki yana yaudara.

Manomi ya lura da wannan: a matakin farko da na biyu kankare ganye kawai take yi, kuma a lokacin magani ya fi kama ta. Daga baya ta shige can ciki, kashinta ya toshe hanya.

In ta kai santimita 3 zuwa 4, zuba mata ƙasa mai laushi, zurfin yatsa. Za ta nutse ta dunƙule ja-ja, bayan kwana 8 zuwa 10 faɗa-wuta ya fito.