Enzayim ɗin ba shi da laifi

Kwana tara na yi ina maimaita gwaji ɗaya, ina son ninka wani guntun DNA, amma ko alamarsa ban gani ba. Zargina duk yana kan enzayim ɗin da ake kira Taq, wato furotin ɗin da ke yin aikin ninkawar. Na ɗauka ya daɗe a firji ya lalace, na buɗe sabo, shiru.

Malamin da ke duba aikina tambaya ɗaya ya yi mini: "Da wane ruwa ka narkar da DNA ɗin?" Na ce, "Malam, da mai EDTA." Ya ce in ƙara magniziyam in sake. Washegari sai ga layin da ke nuna DNA ɗin ya ninku ya fito ɓaro-ɓaro. Ashe sinadarin EDTA kama magniziyam yake yi ya riƙe gam, kuma wanda na zuba ya yi yawa. Shi kuwa Taq, in babu magniziyam, ba ya iya ɗaura ko tubali ɗaya a jikin DNA.

A aji haddace mataimakan enzayim irin su magniziyam muka yi don jarrabawa, kamar wani ƙarin bayani a gefen shafi. A ganina an rage musu daraja. Tun 1906 Arthur Harden da William Young suka nuna haka a Landan. Sun tace ruwan yis ya rabu biyu, manyan ƙwayoyi gefe, ƙanana gefe, kowanne shi kaɗai ya kasa juya sukari ya zama barasa. Da aka haɗe su sai aiki ya dawo, ko da an tafasa ƙaramin kason. A cikinsa ne daga baya aka gano mataimakin da ake kira NAD, wanda jikinmu ke ƙerawa daga bitamin B3.

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Mai fama da rashin B3 fatarsa na tsagewa, gudawa ta kama shi, tunaninsa ya rikice, alhali enzayim ɗinsa na nan lafiya lau, mataimaki kawai suka rasa. Haka tutiya: ƙwaya ɗaya tak ke zaune a tsakiyar enzayim ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke sarrafa iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi.

Yanzu adadin magniziyam nake fara rubutawa a littafin gwajina, yawanci milimola 1.5. Na taɓa zarce haka da yawa, sai ga layuka barkatai da ban nema ba.