Littafin Bashin Alhaji da Zanen da Muka Kai Masa

Lokacin da muka shiga aji uku a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kwas ɗin da na fi ɗauka da sauƙi shi ne na nazari da zayyanar tsarin bayanai, domin a ganina duk wanda ya iya rubuta manhaja ya riga ya wuce wurin. A lokacin na ɗan ƙware a Java, ina kuma taɓa PHP, waɗanda harsunan rubuta manhaja ne, don haka zane-zanen akwatuna da kibiyoyi da ake yi mana a allo sun yi mini kama da ɓata lokaci kafin a shiga ainihin aiki. Ban sauka daga wannan ra'ayi ba sai da aikin rukuni ya kai ni wani kantin sari a kasuwar Sabon Gari.

Malaminmu ya raba mu huɗu-huɗu, ya ce kowane rukuni ya nemi wata sana'a ta gaske a cikin Zariya, ya nazarci yadda take tafiya, sannan ya tsara mata manhaja. Ni na kawo shawarar kantin wani aminin mahaifina, dattijo mai sarin kayan masarufi: taliya, madara, sukari, sabulu da man girki. Muka je masa da tambayoyi ashirin a rubuce, ya amsa su cikin ɗan lokaci yana sallamar masu saye, ya kuma taƙaita mana buƙatarsa da cewa, "Ni dai ina so in san abin da ya shigo, da abin da ya fita, da abin da ya rage." Muka rubuta, muka yi godiya, muka hau mota muka koma Samaru muna ganin mun gama rabin aiki.

Mako biyu muka yi muna zane a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Muka fitar da zanen kwararar bayanai irin wanda Tom DeMarco ya yaɗa a 1978, inda da'ira ke nuna aiki, kibiya kuma ke nuna hanyar da bayani ke bi. Muka tsara rumbun bayanai mai teburori huɗu, wato jadawalan da ake jera bayanai a ciki: kaya, masu saye, ciniki da dilolin da ke kawo kaya. Komai ya zauna daram a takarda. Da muka kai wa malam, ya daɗe yana duban zanen, sannan ya tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa wuni a kantin daga buɗewa zuwa rufewa. Da muka ce babu, ya miƙo mana takardunmu ya ce mu je mu wuni tukuna, kada mu tambayi kowa komai sai bayan la'asar.

Ranar Asabar na isa kantin tun kafin a gama share ƙofa, aka ba ni benci a gefen buhunan sukari. Wajen hantsi wata mata mai ƙaramin tebur a unguwa ta zo ta ɗauki kwali biyu na taliya, ta ƙirga kuɗi ta miƙa, sai na ga Alhaji ya jawo aljihun tebur ya fito da wani littafi mai baƙin bango, wanda gefensa ya yi laushi saboda yawan juyawa, an ɗaure shi da roba. Kuɗin da ta bayar ba na taliyar ranar ba ne, rabin bashin makon jiya ne, taliyar kuwa ta hau kan ragowar. Jim kaɗan wani yaro ya zo karɓar madara da sukari a madadin mai shayin bakin tasha, kuɗin kuma ya shigo bayan azahar ta tiransifa daga asusun ƙanin mai shayin. Na ga an farke kwali an sayar da dozin, an sayar da ɗai-ɗai, na kuma ga an yi wa mutum biyu farashi daban a kan kaya iri ɗaya, domin ɗaya tsohon abokin ciniki ne. Kafin a kira la'asar na gane cewa galibin abin da ke gudana a kantin ba shi da gurbi ko ɗaya a cikin zanenmu, tun da mun gina shi a kan zaton cewa mutum ɗaya ne ke zuwa, ya ɗauki kaya, ya biya nan take, ya tafi.

Da kasuwa ta lafa na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ranar da muka zo ba ku yi mana maganar wannan littafi ba." Ya ce, "Ai ba ku tambaye ni ba, ɗana. Kuma bashi asirin mutane ne, ba a baza shi a gaban baƙi." Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Duk da haka, a ganina Alhaji bai ɓoye mana komai da gangan ba. Abin da mutum ya shekara talatin yana yi kullum yakan zame masa jiki har ya daina ganinsa a matsayin abin faɗa. Tambaya kan fito da abin da mai sana'a ke tunawa ne kawai, sauran kuwa sai wanda ya zauna ya zuba ido. Ga kuma wata buƙata da ta fito daga bakinsa ba tare da ya kira ta buƙata ba, wato kada yaran kanti su riƙa ganin jimillar bashin kowa, musamman na manyan mutanen da ake jin nauyinsu.

Daga nan ne zanen alaƙar abubuwa, mai nuna abubuwan da za a ajiye bayanansu da yadda suke haɗuwa da juna, wanda Peter Chen ya gabatar a 1976, ya fara yi mini ma'ana, bayan na daɗe ina haddace shi don jarrabawa. Sai da muka raba wanda ake bi bashi da wanda ya zo karɓar kaya da wanda ya turo kuɗi, domin sau da yawa mutum uku ne daban. Sai da muka cire biya daga jikin ciniki, muka ba shi teburinsa, tun da kuɗin yau na iya zama na kayan watan jiya. Muka buɗe wa ma'auni gurbi, yadda manhaja za ta san dozin nawa ke cikin kwalin kowane kaya, ta kuma rage lissafi daidai idan an farke shi. A cikin littafin mun tarar da mutum uku masu suna ɗaya, waɗanda Alhaji ke bambantawa da laƙabi da unguwa, wannan na Tudun Wada, wancan na Kwangila, ɗayan na cikin birni, don haka muka ba kowa lambarsa, amma muka bar laƙabin a matsayin abin da za a riƙa nema da shi, domin babu yaron kantin da zai tuna lamba. Ƙa'idar da ta samo asali daga aikin Edgar Codd na kamfanin IBM a 1970, cewa kowane bayani a ajiye shi wuri ɗaya tak, ta hana mu maimaita farashi a wurare uku kamar yadda muka yi da farko.

Akwai abin da muka ƙara da kanmu muna ganin gwaninta ne, wato manhaja ta riƙa tura wa duk wanda bashinsa ya wuce kwana talatin saƙon tuni ta waya. Alhaji ya girgiza kai ya ce, "Mutumin da muka shekara ashirin muna cuɗanya, na je sunan 'ya'yansa ya zo na nawa, na'ura ce za ta tashe shi da saƙon bashi?" A maimakon haka ya nemi a sa masa wurin yafewa, domin akwai wanda gobara ta cinye wa rumfa, akwai wanda ya rasu ya bar marayu, kuma yana so littafi ya nuna an yafe, ba an biya ba. Ban taɓa cin karo da irin wannan buƙata a misalan littattafan da muke karantawa ba, waɗanda akasarinsu kan manyan kantunan Amurka da Ingila aka gina su. A ganina babbar asara ce ɗalibi ya kwafo irin waɗannan misalai ya sauya musu suna ya miƙa, alhali ga kasuwa a ƙofar gidansa cike da tsare-tsaren da babu wanda ya taɓa zana su.

Komawar da muka riƙa yi tsakanin Samaru da Sabon Gari ta sa na sake duban salon nan da ake kira gangaren ruwa, inda ake gama nazari a shiga zayyana, a gama zayyana a shiga gini, ba a waiwaye. Ana yawan jingina shi ga Winston Royce saboda maƙalarsa ta 1970, amma shi kansa ya yi gargaɗi a cikinta cewa bin matakan sau ɗaya a miƙe yana da haɗari, ya kuma ba da shawarar a riƙa sa wanda ake yi wa aikin a ciki tun daga farko. Mu ma samfurin takarda muka fara kai wa babban yaron kanti, muka zana masa fuskar waya da biro, ya nuna mana da yatsa inda zai ruɗe. Shi ne ya sa muka mayar da rubutun Hausa, muka kuma watsar da batun kwamfutar tebur muka koma wayar hannu, saboda wuta ba ta zama a layin nasu, kuma Alhaji ba zai tayar da janareta don lissafi kawai ba.

Da manhajar ta kammala, ɗokinmu shi ne a ajiye littafin a koma waya gaba ɗaya. Malam ya ba mu labarin hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan, wadda ta koma kan sabon tsarin kwamfuta a watan Oktoba na 1992 ba tare da an gama gwada shi ba, ba kuma tare da ma'aikata sun samu isasshen horo ba, har kiraye-kirayen gaggawa suka cushe, aka koma aiki da takarda cikin 'yan kwanaki. Ya ce mu bar littafi da waya su yi tafiya tare na wata guda, duk cinikin da aka yi a rubuta shi sau biyu, sannan a gwada su.

Ranar da watan ya cika muka zauna bayan magariba, ni da Alhaji da babban yaronsa, fitila mai caji a kan tebur, ina karanto abin da ke waya yana bin littafi da yatsa. Lissafi ya yi daidai shafi bayan shafi, har muka zo kan sabulu, inda waya ta ce akwai kwali goma sha biyu, muka ƙirga muka sami tara. Gabana ya faɗi, na fara tunanin inda na yi kuskure a rubutun manhaja. Yaron ya juya zuwa bangon baya na littafin, ya nuna mini wani ɗan rubutu da fensir: kwali uku suna wurin wani mai kanti a Wusasa, sabon sabulu ne aka ba shi ya gwada, in ya shiga ya biya, in bai shiga ba ya dawo da shi. Ba ciniki ba ne, ba kuma bashi ba ne tukuna, shi ya sa yaron ya rasa inda zai shigar da shi a waya. Na buɗe littafina na zana sabon akwati a gefen na bashi, na tambayi Alhaji me suke kiran irin wannan kaya. Ya ce, "Kayan amana." Na rubuta haka a cikin akwatin, shi kuma ya mayar wa littafinsa roba, ya ce in dawo ranar Asabar mai zuwa mu sake gwadawa.