Jak ɗin da ke kwance a ƙasa

Daren jiya na rubuta 72 a takardar maki da hannuna, a teburin cin abincin Baba maƙwabcina, kuma har yanzu daɗin bai sake ni ba. Ku da muke koyon Skat tare, wasan kartar nan na Jamus na mutum uku, kun san 72 ba abin a-zo-a-gani ba ne wurin wanda ya daɗe a wasan. Abin da ya faranta mini shi ne, ramin da na faɗa sau biyu cikin wata guda ya sake buɗewa a gabana, wannan karon na tsallake.

Ramin shi ne tayi a kan "babu". Kafin wasa ana tayin lamba, wanda ya fi hawa shi ke wasa shi kaɗai da sauran biyu, kuma darajar wasansa dole ta kai tayinsa. Darajar kuwa tushen launin da ya zaɓa ne (kuros, fik, zuciya ko karo) sau ninki. Ana ƙirga ninkin daga manyan katunan a jere, jak na kuros, na fik, na zuciya, na karo: nawa kake "da" su daga sama, ko nawa ne "babu", a ƙara ɗaya na wasa. Bari in kawo muku karon farko yadda ya faru, don na rubuta katunan a daren saboda takaici. Ni ne na gaba, wato mai fara fita. A hannuna akwai jak na zuciya da jak na karo, sai as, sarki, tara da takwas na fik, as da bakwai na zuciya, goma da tara na karo. Baƙaƙen jak biyu ba sa wurina, lissafi a fili yake: babu biyu, wasa uku, sau 11 na fik, 33. Mama, uwargidan Baba, ta yi ta hawa: 18, 20, 22, 23, 24, 27, 30, ina cewa na riƙe. Ta ce 33, na riƙe, ta janye. Na miƙa hannu na ɗauki biyun ƙasa, wato katuna biyun da ake kifewa lokacin rabo, sai ga jak na kuros yana kallona, da bakwai na kuros a bayansa.

Wallahi murna na fara yi. Babban katin wasan gaba ɗaya ya shigo hannuna, masu yanka sun zama bakwai, me ya rage? Na binne goman karo da bakwan kuros, na ce fik. Na fita da jak na kuros, goman fik ta faɗo daga hannun Mama dole. Na sake fita da jak na karo, Baba ya ɗora jak na fik, Mama ta zuba masa as na kuros, ido 15, wato makin da katunan ke ɗauke da shi. Ya ja as na karo, tarata ta bi, Mama ta ba da sarki, wasu 15. Can ƙarshe bakwan zuciyata ta haɗu da goma da sarki, 14. Suna da 44, ina da 76. Na wuce 61 da ake buƙata don cin wasa da nisa, na riga na ɗauki biro.

Baba ya dafa takardar ya ce, "Ɗana, nawa ka taya?" Na ce 33. "Wasanka nawa yake?" A nan jikina ya yi sanyi. Da zuwan jak na kuros, babu biyu ta rushe, ta koma da ɗaya, wasa biyu, sau 11, 22. Na yi alkawarin 33 na kawo 22. Abin da kawai zai cika giɓin shi ne in hana su kaiwa ido 31, ninki ya koma uku, ga shi kuwa sun kwashi 44. An rubuta mini 66 a ɓangaren asara, wato 33 sau biyu, a wasan da na ci zagaye bakwai cikin goma.

Na yi gardama a daren, ban ɓoye ba. Ta yaya mutum zai samu kati mafi ƙarfi a ce shi ne ya kayar da shi? Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce doka ce, kuma idan ban gamsu ba akwai kotun Skat a Altenburg da ake rubuta wa wasiƙa ta yanke hukunci a kan irin wannan saɓani. Da gaske yake, tana nan tun 1927, a garin da wasan ya samo asali wajajen 1813. Daga nan Laifzig bai kai tafiyar awa guda a jirgin ƙasa ba. Na je wata Asabar na ga gidan tarihin karta da ke cikin fadar garin, na sayo kartar gargajiya ta wannan yanki mai 'ya'yan itace da ganye da zuciya da ƙararrawa. Yuro 8 na biya, kuma kuɗin sun yi mini ciwo, domin zama biyu muka yi da ita na ajiye. A cikinta Unter ne jak, Ober kuma yana matsayin sarauniya, dukansu maza, abin da zan kama kawai shi ne alamar ɗaya tana ƙasa ta ɗayan tana sama. Mai fama da lissafin ninki ba ya buƙatar ƙarin wannan ruɗani. Na koma kartar gasa mai kala huɗu, kuros baƙi, fik kore, zuciya ja, karo rawaya, ita nake ba ku shawara ku nema.

Karo na biyu ya fi ɗaci, don ban ma ga abin da ya sare ni ba sai da aka gama. Zuciya na buga ba tare da ɗaukar ƙasa ba, wato wasan hannu, mai ƙara ninki ɗaya: babu biyu, wasa uku, hannu huɗu, sau 10, 40. An tsaya a 36. Na ci da ido 70 da wani abu. Mama ta juya biyun ƙasa don a haɗa mini lissafi, sai ga jak na fik. Abin da ke ƙasa naka ne ko ka duba ko ba ka duba ba, don haka babu ɗaya, wasa biyu, hannu uku, 30. Bai kai 36 ba. Aka ɗaga zuwa 40, aka ninka, 80. Baba ya ce da a ƙuruciyarsa ne 40 kawai zan rasa, sai daga 1999, da aka haɗe dokokin Jamus da na ƙasa da ƙasa, aka fara ninka asarar wasan hannu. Ba mu sa ko sisi a wasanmu, maki ne a takarda kawai, na faɗi haka tun farko kuma sun yarda. Duk da haka na hau bene zuwa ɗakina zuciyata na tafasa.

Mako biyu na daina tayi a kan babu kwata-kwata. In ba ni da jak na kuros, 18 ko 20 na janye. Wannan ma ba magani ba ne, don na zauna ina kallon Mama tana kwashe wasanni da hannun da nawa ya fi shi. Sai na zauna da biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Katunan da ban gani ba 22 ne, biyu daga ciki suna ƙasa, hanyoyin haɗa biyun nan 231. Idan ina riƙe da jajayen jak biyu, hanyoyin da baƙin jak ɗaya tak zai kwanta a ƙasa 40 ne. Idan duka biyun suka kwanta, wannan alheri ne, na zama da huɗu. To 40 cikin 231, kusan sau ɗaya ke nan cikin shida. Bai kai a ji tsoronsa kullum ba, ya kuma wuce a manta da shi. Na lura kuma ko wanne daga cikin baƙaƙen biyu ya zo, ninki biyu yake mayar da ni, na kuros ya ba da "da ɗaya", na fik ya ba da "babu ɗaya". Da na ɗauka na kuros kaɗai ne abin gudu.

Da na nuna wa Baba takardar, ya karanta a hankali, ya ce lissafin daidai ne, amma tambayar da zan riƙa yi wa kaina tun kafin in buɗe baki ita ce: in baƙin ya zo, ina zan fita? Ƙofa biyu ce mai irin hannuna yake da ita. Ko dai hannun yana da ƙarfin hana su 31, ko kuma yana iya komawa Grand, wasan da jak huɗu kaɗai ke yanka, inda tushe 24 ne, ninki biyu ma ya ba da 48, ya rufe duk tayin da ya kai nan. Hannuna na karon farko ba shi da ko ɗaya: fik ba goma, as ɗaya tak a gefe. Iyakarsa ta gaskiya 22 ce, duk abin da na hau sama da haka da sanin haɗari ya kamata in hau. Ni kuwa ban ma san akwai haɗari ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

To jiya. Ni ne na gaba kuma. Jajayen jak biyu, as, goma, tara da takwas na kuros, as da goma na zuciya, as da bakwai na fik. Babu biyu, wasa uku, sau 12, 36. Kafin Mama ta ce 18 na riga na duba ƙofata: as uku, goma biyu a bayan as ɗinsu, in jak na uku ya shigo Grand ya tsaya da ƙafarsa. Ta kai 27, na riƙe, ta janye, Baba ma ya janye. Na ɗaga ƙasa: jak na fik da sarauniyar karo. Kuros ya faɗo 24, ƙasa da 27. Da watan jiya ne da na ce kuros da fara'ata. Na binne sarauniyar da bakwan fik, na ce Grand. Baba ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba.

Na fita da jak na karo don in fito da babban. Mama ba ta da jak ko ɗaya, ta yi kasada ta zuba as na karo, Baba ya rufe da jak na kuros, 15. Ya jawo taran karo, na yanka da jak na zuciya. As na kuros ya kawo bakwai, goma ta kawo sarauniya, duka daga hannun Baba, Mama tana zubar da wasu, na gane sarkin yana nan yana jira. Ba yadda zan yi, na ba da tara, Mama ta ɗora goman fik, Baba ya ɗauka da sarki, 14. Ya sake jan karo, na yanka da jak na fik, sauran huɗun duk nawa. Mama ta ƙirga nasu sau biyu: 29. Saura ido biyu su tsira. Babu ɗaya, wasa biyu, ƙarin ninki na hana su 31 uku, sau 24. Baba ya turo mini biron ya ce in rubuta da kaina.

Akwai abin da ban warware ba tukuna, ina so ku da kuka fi ni zama a tebur ku ba ni ra'ayi. Baba yana cewa in abokan wasa suka janye tun a 18 ba gardama, a ƙara zargin ƙasa, in kuwa wani ya hau sosai to jak ɗin yana hannunsa. Amma karo na farko da na jiya, duka Mama ce ta hau, kuma duka biyun ba ta da jak ko ɗaya, a kan babu huɗu take tayi da dogon launi. Hawanta bai gaya mini komai game da baƙaƙen ba, ko kuma ya gaya mini ban iya ji ba. Na fara rubuta tayin kowa da inda jak huɗu suka fito a kowane rabo, shafi ɗaya ya cika jiya. Ranar Alhamis za mu sake zama, zan kawo muku abin da shafi na biyu ya nuna.