Abin da na rubuta a gefen gadon Baba

Lokacin da ɓarin jikin mahaifina na dama ya shanye, mu'ujiza iri ɗaya tak nake jira, wato irin wadda ta sami gurgun nan a Ƙofa Kyakkyawa ta Haikali, wanda Bitrus ya kama hannunsa ya tashe shi, ya shiga yana tafiya yana tsalle yana yabon Allah, kamar yadda sura 3 ta Ayyukan Manzanni ta faɗa. Kowace asuba nakan ɗora hannu a kafaɗar Baba in yi addu'a, sa'an nan in buɗe ido ina duban ƙafarsa. Makonni suka shuɗe ƙafar ba ta motsa ba, har na fara jin nauyin zuwa taron addu'a, domin a can ana tashi ana ba da shaida, ni kuwa ba ni da abin faɗa.

Wata dattijuwa a ikilisiyarmu, wadda ta daɗe tana jinyar mijinta, ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, ki nemi littafi, kowane dare ki rubuta abu ɗaya da Ubangiji ya yi a ranar, komai ƙanƙantarsa, amma kada ki kuskura ki rubuta abin da bai faru ba." Na ce, "To, Mama," ko da yake a raina ina ganin lallashi ne kawai.

Sharaɗin nan nata na ƙarshe shi ne ya fi yi mini wuya. Akwai daren da na zauna da biro a hannu, abin da na samu na rubuta bai wuce cewa Baba ya haɗiye ruwa bai shaƙe ba. Wani daren kuma na rubuta cewa ban yi masa tsawa ba, alhali gajiya ta kai mini iyaka. Da littafin ya yi rabi na koma farkonsa ina karantawa, sai na ga abin da ya ɓuya mini ina cikinsa: babu ranar da ƙarfin jinyar ya ƙare mini kafin dare, babu kuma ranar da na kwana da rarar da zan ajiye wa gobe.

Wannan ya mayar da ni ga sura 16 ta Fitowa. Isra'ilawa sun ci manna, abincin da Allah ya saukar musu daga sama, shekara 40 a jeji, ana ba su ta yini ɗaya kaɗai, in ban da rana ta shida da sukan tara har da ta Asabar, wanda kuma ya ɓoye saura sai ya wayi gari ta yi tsutsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ranar da suka fara ganinta ba su gane ta ba, tambayar juna suka yi ko mece ce, daga baya kuma da suka saba da ita suka yi gunaguni a kanta. Na yarda cewa sabo ne ya rufe mini ido, ba rashin aikin Allah ba. Agustin, bishop ɗin Hippo da ya rasu a shekara ta 430, ya taɓa nuna cewa Yesu, wanda ya mai da ruwa ruwan inabi a bikin Kana, shi ne ke yin haka kowace shekara a cikin kuringar inabi, sai dai yawan faruwar abin ya sa mutane sun daina mamakinsa.

Na kuma daina ɗaukar zuwa wurin masu gashin ƙashi a matsayin raunin bangaskiya. Ko makahon Betsaida, a sura 8 ta Markus, bai warke a taɓawa ɗaya ba; da farko ya ga mutane kamar itatuwa suna tafiya, sai da Yesu ya sake ɗora masa hannu ya gani sarai. Ranar da Baba ya yi taku huɗu da sanda, na gode wa Allah, na kuma gode wa matar da ta yi watanni tana lanƙwasa masa gwiwa, ban ga saɓani tsakanin godiyar biyu ba.

Har yanzu na gaskata Allah yana warkarwa nan take idan ya ga dama, ban kuwa daina roƙon hakan ba. Amma hannun Baba na dama bai dawo ba, kuma ba na yarda wani ya ce masa ƙarancin bangaskiyarsa ne, domin Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Baba ya koyi riƙe Littafi Mai Tsarki da hagu. Da na karanta masa wasu shafuka daga littafina, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce in ƙara ranar da ya fara iya kiran sunana daidai, domin na manta ban rubuta ta ba.