Sikeli, waya da kunun kanwa

Bayan haihuwata ta uku aka gano zuciyata ta yi rauni, irin ciwon nan da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin jego. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun san shi sarai, don Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Da aka sallame ni, wata nas ta sa ni cikin shirin kula da kai ta waya: darussa da murya, tunin shan magani, da inda zan riƙa tura abin da na auna.

Ni dai sikeli ya fi komai yi mini amfani. Kowace safiya, bayan na kewaya, kafin in sa komai a baki, sai in hau in tura lambar. An koya mana cewa in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa saboda zuciya ta gaza tura jini yadda ya kamata. Sikeli kan nuna shi tun ƙafa ba ta kumbura ba, tun ba a fara jera matasai don samun numfashi da dare ba. Ranar da nawa ya haura, nas ta kira ni, likita ya gyara mini maganin fitar da ruwa, ban kwana asibiti ba.

Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen Maggi. Kanwa ma tana riƙe ruwa a jiki. Nan aka sha daga, domin a wurin uwar mijina jego bai cika ba sai da kunun kanwa. Ban ja da ita ba, na miƙa mata waya na ce, "Inna, saurara da kunnenki." Ta saurara har ƙarshe, ta yi shiru, sannan ta ce, "To ɗiyata, a dama miki na tsamiya."

A shirin na san cewa diclofenac da ibuprofen da muke saya a kemis suna ƙara wa mai raunin zuciya wahala. Can kuma na tambayi yawan ruwan da zan sha a zafin Afrilu, da batun azumi, aka ce wannan sai na je gaban likita.

Abin da ke damuna shi ne matan da muka kwanta ɗaki ɗaya, 'yan Wurno da Gwadabawa, waɗanda ba su da babbar waya balle kuɗin data. Ina roƙon masu shirya irin wannan su riƙa kiran su ta ƙaramar waya, a kuma ajiye sikeli a kowane asibitin sha-ka-tafi.