Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: "Wa Ya Gaya Miki?"

Makon jiya na tsaya inda maigidana ya amince in koma karatu bayan na yaye autata. Ajin manya na shiga, ƙarƙashin Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980. Kuɗin mota da na littattafai Allah ya hore. Wahalar tana cikin kaina.

Da na ɗauki biro sai in ji ana ce mini, "Ke da tun kina yarinya ake kiranki daƙiƙiya, yanzu da 'ya'ya a gabanki za ki gane lissafi?" Malama ta yi tambaya, na san amsar sarai, amma hannuna ya ƙi ɗaguwa, gumi ya jiƙa mini hijabi. Wata ta faɗi abin da ke bakina, a tafa mata.

Ran nan da aka tashi, Malama ta tsayar da ni. "Maman Abba, na duba littafinki, babu kuskure ko ɗaya. Me ya hana ki magana a aji?"

Na ce, "Malama, ni ƙwaƙwalwata ba ta ja."

"Wa ya gaya miki?"

Na buɗe baki zan ce ai ni na san kaina, sai matar kawuna ta faɗo mini a rai. A hannunta na tashi, kuma kalmar da take jifana da ita ke nan in na ƙona tuwo ko na zubar da canji. Allah ya jiƙanta, ta daɗe da rasuwa, amma ashe ni na gaji faɗan nata ina yi wa kaina, har da irin muryarta.

Malama ba ta tsaya lallashina ba, aiki ta ba ni. Akwai mata biyu da lissafin rabawa ke ba su wuya, ta ce in riƙa zama da su kafin a shiga aji. Da gyaɗa muke yi a kan tabarma, muna kasa ta kashi-kashi, har suka gane. Ɗayarsu, wadda ta girme ni, ta koma kirana "ƙaramar Malama".

Muryar ba ta ɗauke gaba ɗaya ba. In ta taso sai in karanta addu'ar Annabi Musa (AS) ta cikin Suratu Ɗaha, "Rabbish rahli sadri", in ɗaga hannu tun ba ta gama magana ba.

Inda ta sake dawo mini da ƙarfinta shi ne ranar da aka zo cike fom ɗin jarrabawar NECO. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.