Kafin ku hau dusar ƙanƙara, ku duba ƙarfen da ke riƙe takalminku

'Yan uwa mazauna Turai masu sha'awar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, don Allah ku kula da ƙarfen nan da ke riƙe takalmi a jikin allon siki. Aikinsa biyu ne: ya riƙe ƙafa yayin gudu, ya kuma sake ta idan an faɗi. Ɓangarensa na gaba yana buɗewa ta gefe idan ƙafa ta murɗe, na dunduniya kuma ya buɗe sama idan mutum ya kifa.

A wani shagon haya kusa da birnin Innsbruck na ƙasar Austria na tsaya ina kallon ma'aikacin yana saita min nawa. Ya tambayi nauyina, tsayina, shekaruna da yadda na iya wasan, sannan ya juya takalmin ya karanta tsawon tafinsa da aka rubuta da milimita. Daga nan ya fitar da lambar DIN, wato lambar da ke nuna yawan ƙarfin da zai sa ƙarfen ya saki takalmi, ya murɗa sukurun gaba da na baya har suka daidaita. Wanda ya kai shekara 50, da yaron da bai kai 10 ba, ana sassauta musu.

Abin da ke damuna shi ne masu rage nauyinsu don kunya, ko su ce sun ƙware alhali yau suka fara. Lamba ta yi yawa, ƙarfen ya ƙi saki, ƙashin ƙwauri ya karye. Ta yi kaɗan, allon ya fice ana tsakiyar gangara.

Kada ku ari allon aboki ku hau haka nan. Ku kai shago a gwada ƙarfen da na'ura kowace shekara, kuma ku kankare ƙanƙarar ƙasan takalmi kafin ku taka.